Leda Mai Ruɓewa: A Ina Take Ruɓewar?

Duk mahaucin da ya daɗe a sana'a zai ba ka labarin akuyar da aka feɗe aka tarar da tumbinta cike da leda, ta cure wuri guda. Dabba na ta ramewa, mai ita na ta sayen magani, ashe ledar bola ce ta cushe mata ciki. Da damina kuwa, a leƙa lambatun Kano ko na Maraɗi, abin da ke tare ruwa har ya faɗa gidaje ba ya wuce ledar ruwan sha da baƙar ledar cefane.

Ledar da muka saba da ita daga ɗanyen mai da iskar gas ake yin ta, shi ya sa ƙasa ba ta iya cin ta. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Nijar ta kafa tata dokar a 2014, Kenya ta bi sahu a 2017. Jihar Legas ma ta hana farar robar nan mara nauyi ta zuba abincin sayarwa a Janairun 2024. Da doka ta matsa, sai masana'antu suka ƙara ƙaimi wajen neman madadi daga amfanin gona. A jihar Nebraska ta Amurka, kamfanin NatureWorks na tsima sukarin masara har ya ba da sinadarin nan da ke sa nono tsami, daga shi ake haɗa robar da ake kira PLA. A Indonesiya kuma ana yin jakar cefane da sitacin rogo. Duk da haka, irin waɗannan ba su kai kashi 1 cikin 100 na robar da duniya ke yi ba, wadda ta haura tan miliyan 400 a shekara.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan aka rubuta wa leda "mai ruɓewa", mutum sai ya ɗauka kamar ɓawon ayaba take, a yar da ita kawai. Ba haka ba ne. PLA ba ta ruɓewa da wuri sai a masana'antar haɗa taki, inda ake riƙe zafi wajen digiri 58, da laima, da ƙananan halittun da za su cinye ta. A bolar unguwa, musamman da rani, zama za ta yi daram. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun binne irin waɗannan ledoji a ƙasa, wasu suka sa su a teku. A sakamakon da suka fitar a 2019, wasu masu wannan tambari, bayan shekara 3, har yanzu suna ɗaukar kayan cefane ba su yage ba.

Wadda ta fi ban haushi ita ce mai suna "okso". Ledar mai ce zalla, aka zuba mata sinadarin da ke sa ta farfashe a rana. Ido ya daina ganin ta, amma ɓurɓushinta na nan cikin ƙasar noma da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta ta tun Yulin 2021, kuma kayan da aka kora daga wata kasuwa kan nemi wata kasuwar da ba a sa ido.

Akwai kuma baban bola. Gorar PLA da gorar ruwa ta yau da kullum kamar an tsaga kara suke, amma in suka haɗu a injin narkarwa sai ta PLA ta ɓata sauran, a rage wa mai tsinta kuɗin kayansa.

Ban ce a ƙi sabuwar fasahar ba. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, kuma masana'antar jakar sitaci za ta samar wa manomi kasuwa, ko da yake sai an yi hattara kada jaka ta ƙara wa kwanon gari tsada. Amma ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan leda ya tambayi dila: da me aka yi ta, kuma a wane irin wuri take ruɓewa, cikin wata nawa? In ya kasa amsa, a ɗauke ta leda kamar kowace. Kada a ƙona ta a tsakar gida, kada a zubar inda dabba ke kiwo. Uwargida kuma ta riƙa tafiya kasuwa da kwando ko jakar yadi, mai alale ta koma ganye ko gwangwani.