Kuskuren da Ake Gyarawa da Wanda Ake Haƙuri da Shi

Tun daga shekarun 1930 mutanen Amurka suka saba da wani ɗan ɗakin kwana mai taya biyu da ake ja a bayan mota, wanda mutum biyu ke kwana a cikinsa, idan kuma aka ɗaga murfin bayansa sai ga madafa. A yau wani kamfani na jihar Maryland, mai suna Chesapeake Light Craft, wanda asalin sana'arsa kwalekwale ce, yana sayar da irin wannan ɗaki a wargaje, bisa zanen John Harris: fallayen filawud na itacen okume, wanda galibi daga Gabon ake samo shi, da na'ura ta riga ta yanke, tare da littafin bayani, domin mutum ya harhaɗa abinsa a gida ko da bai taɓa zama gaban kafinta ba.

Hanyar haɗin daga maƙeran jiragen ruwa aka aro ta, kuma ta shahara a Ingila da ƙaramin jirgin nan Mirror na 1962. Ana ɗinke fallayen da wayar jan ƙarfe, a cike gaɓoɓin da wani gam mai suna ifoksi da aka kwaɓa da garin katako, sannan a lulluɓe jikin da ƙyallen zaren gilashi. Muddin aikin yana matakin ɗinki, kuskure ba shi da tsada, domin waya ce kawai za a sassauta a daidaita. Amma da zarar gam ya daskare, to, alƙalami ya bushe.

Wanda ya karanci babin rafkanwa a fiƙihu ya san akwai abin da ƙabli ko ba'adi ke gyarawa, akwai kuma abin da ke wajabta sakewa daga farko, kuma irin wannan rarrabewa ce magini ke bukata. Ifoksi ruwa biyu ne da ake gaurayawa bisa ƙayyadadden ma'auni, kuma idan aka saɓa ma'aunin, ko aka yi ha'inci wajen motsawa, zai zauna da danƙo har abada, ba kuwa wata dabara face a kankare shi ƙarƙaf a sake. Haka hukuncin yake ga duk inda ƙyallen ya yi fari don bai sha gam ba, da duk wata kafa a bakin ƙofa ko taga, saboda okume, duk da sauƙinsa da kyawun launinsa, ba ya jure laima, ruwan da ya sami hanya kuwa zai ruɓar da shi daga ciki ba tare da mai shi ya sani ba. Gyaran waɗannan wajibi ne, kuma ina ganin wanda ya rufe su da fenti ya zalunci wanda zai kwana a ciki.

Sauran kurakuran na ido ne kawai. Gam da ya zubo ya daskare ana ɗumama shi a kankare. Ƙananan kumfa, waɗanda ke tasowa idan aka shafa gam alhali katakon yana ɗaukar zafi yana fitar da iska, samfefa ce maganinsu, shi ya sa masana ke shafawa da yamma lokacin da zafi ke sauka. To, a nan ne wasuwasi ke halaka aiki, domin fatar saman filawud siririya ce ƙwarai, kuma mutumin da ya dage sai ya goge wani ɗan tabo da babu mai ganinsa sai shi, sau da yawa yakan cinye fatar har duhun da ke ƙarƙashi ya bayyana, ya mai da ƙaramin aibi babba wanda ba ya komawa. Idan haka ta faru, ƙarfin ɗakin bai ragu ba matuƙar an sake lulluɓe wurin da gam, sai dai burin barin katakon a launinsa na asali ya tafi a wannan gefen. Da yawa sukan yi wa wurin fenti su bar sauran jikin da man ƙyalli, wanda dama tilas ne a shafa shi, tunda hasken rana yana lalata ifoksin da aka bari a fili.