Ɗan Tantanin Roba Da Ke Kwantar Da Ƙananan Injuna

Duk wanda ya taɓa leƙa siton wata ma'aikata da ke kula da gandun daji, ko lambun makaranta, ko tsabtar gefen hanya, da wuya ya rasa ganin zarton inji ko injin yankan ciyawa a jingine a kusurwa, ƙura ta lulluɓe shi, an kuma rubuta a littafin sito cewa ya lalace. Sau da yawa abin da ya kwantar da injin bai wuce wani ɗan tantanin roba ba, wanda faɗinsa bai fi na murfin kwalba da yawa ba, kuɗinsa kuwa ba a ko kwatanta shi da na sabon inji. Makanikai suna kiransa dayafiram, mazauninsa kuma cikin kafireto ne.

Kafireto, kamar yadda ɗalibai suka sani, shi ne ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. Na yawancin janareto da manyan famfunan ban ruwa na fadama yana da ɗan ƙoƙo a ƙasa inda mai ke taruwa, saboda haka tilas injin ya zauna daidai a ƙasa. Amma zarton inji a hannu ake riƙe shi, a karkata shi, a kifa shi, a ɗaga shi sama. Don haka aka yi masa kafireto marar ƙoƙo, wanda tantani ke sarrafa shigar mansa ko ta wace fuska aka juya shi. Irin wannan ya yaɗu a zartunan inji tun shekarun 1950, kuma sunayen da aka fi gani a jikinsa su ne Walbro da Tillotson da Zama.

Tantanin nan biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko famfo ne. Yayin da fistin ke hawa da sauka, iskar da ke ƙarƙashinsa tana matsuwa tana saki, wannan bugun kuwa yana bi ta wata 'yar kafa ya riƙa kaɗa tantanin, shi kuma ya zuƙo mai daga tanki ta wasu 'yan harsuna biyu da ke buɗewa ta fuska ɗaya kawai. Na biyu shi ne ma'auni. Idan injin ya sha man da ke gabansa, sai iskar waje ta danno shi ciki, ya taɓa wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya ɗaga allura, sabon mai ya shigo. Da wurin ya cika sai ya koma, allurar ta rufe. Duk wannan aiki bisa laushin robar ya dogara. Ran da ta bushe ta yi tauri, ko ta yamutse, sai injin ya ƙi tashi, ko ya tashi da cok kawai, ko ya mutu da zarar an ja totur. Wani lokaci kuma allurar ce za ta ƙi rufewa, mai ya cika injin har fulogi ya jiƙe.

To, me ke busar da ita? Babban abokin gabanta shi ne fetur ɗin da aka bari ya kwana watanni a ciki. Sashensa mai sauƙi yakan tashi cikin zafin ƙasarmu, ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro a kan tantanin da cikin ƙananan kafofi. Injin yankan ciyawa da aka ajiye da mai a cikinsa bayan damina ba safai yake tashi ba idan wata daminar ta zagayo. Sai kuma gurɓataccen mai. Masu karatu za su tuna cewa a watan Fabrairu na 2022 hukumomin man fetur na Nijeriya sun sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Irin wannan sinadari yana cin roba, yana kuma jawo ruwa cikin mai. Hazon hunturu ma yana da nasa laifin, gama a murfin tantanin ma'auni akwai wata 'yar kafa ta shan iska, idan ƙura ta toshe ta, tantanin ba zai motsa yadda ya kamata ba ko da sabo ne.

Abin takaici shi ne yadda aka saba tarar matsalar. Da injin ya fara tari, sai wani ya ɗauko sukundireba ya hau murɗa kusoshin nan biyu masu alamar L da H, har ya samu ya tashi. Wannan ba gyara ba ne, kuma a nan babbar asara take. Waɗannan injuna ba su da tankin baƙin mai na daban; a cikin fetur ake zuba shi, galibi mililita 20 a lita ɗaya, ko 40 ga wasu injunan, gwargwadon umurnin kamfanin da ya ƙera. Saboda haka duk wanda ya rage mai da kusar H ya rage abin da ke sanyaya fistin da sulɓa shi. Injin zai yi ƙara mai daɗin ji na ɗan lokaci, sa'an nan fistin ya ɗau zafi ya kama. Daga nan maganar ta bar roba ta koma kan rabin kuɗin injin.

Gyaran gaskiya kuwa ba ya bukatar fiye da tebur mai tsabta da haƙuri. A duba suna da lambar da ke jikin kafireto a sayo tantanin da ya dace da su, domin suna kama da juna ƙwarai amma kafofinsu sun bambanta. A kwance murafen biyu, a jera kayan bi da bi yadda aka ciro su. A wanke 'yar rariyar da ke ciki da fetur mai kyau, kada a zura waya a kowace kafa, kada kuma a hura iska mai ƙarfi, gama akwai ƙananan bawul da ke ɓarewa. Wurin mayarwa ne aka fi tuntuɓe: a gefen famfo, tantani ne ke fara kwanciya a jikin kafireto, gaskit ya biyo baya, a gefen ma'auni kuwa, gaskit ne a fari, sa'an nan tantani. Idan aka juya su, injin zai ƙi tashi ko ya riƙa zubar da mai. Shi kuma ɗan ƙarfen da ke ɗaga allura, a bar shi yadda aka same shi, kada a lanƙwasa shi da ka.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane sun ƙara jin nauyin zubar da ko da cikin kofi ɗaya, shi ya sa ake barin ragowar a tanki. Ba sai an zubar ba. Idan za a ajiye injin fiye da wata guda, a juye man a wani mazubi mai murfi, a ta da injin a bar shi ya ƙone abin da ya saura a kafireto har ya mutu da kansa. Ya kamata ma'ajin sito ya tabbatar an yi haka kafin ya karɓi injin ya sa hannu a littafi, ya kuma sa 'yan tantanin nan cikin jerin kayan da yake nema a farkon shekara, tare da fulogi da igiyar tayarwa.