Sa guda ko maruƙa shida? Yadda ake musayar 'yan wasan besbol a Amurka

 Hular nan mai haruffan N da Y a haɗe da samari ke sawa a fada, daga Maraɗi har Damagaram, ta wata ƙungiyar wasa ce mai suna Yankees. Filinta yana unguwar Bronx a birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. Wasan nasu besbol ne: wani ya jefo ƙwallo, wani ya buge ta da kulki ya ruga yana zagaye zango huɗu. 'Yan uwa da ke can sun san duk watan Yuli gari kan cika da jita-jitar wane za a ba da, wane za a karɓo, don a ƙarshen watan ko farkon Agusta ake rufe musaya.

A ƙwallon ƙafa, ƙungiya kan biya kuɗi, kuma sai ɗan wasa ya yarda. A besbol galibi ba-ni-in-ba-ka ake yi, mutum da mutum. Kwangilarsa ta bi shi, kuma ba a neman shawararsa sai in ya sa sharaɗin haka a takarda, ko ya yi shekara 10 a babbar gasa, biyar na ƙarshe a wuri guda. Sai ya cika shekara 6 kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai je. To nan ne ciniki yake: in ƙungiya ta ga gwaninta ya kusa 'yanci kuma ba za ta iya riƙe shi ba, gara ta ba da shi da wuri ta samu wani abu, da ya tafi ta tashi hannu wofi.

Labarin Juan Soto, ɗan ƙasar Dominika, ya isa misali. Yana da shekara 21 ya ci kofi da ƙungiyar Washington a 2019. A 2022 suka miƙa masa dala miliyan 440 na shekara 15, ya ce a'a. Dalar Amurka fa ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba! Ran 2 ga Agusta suka tura shi San Diego tare da wani ɗan wasa, suka karɓi mutum shida, mafi yawansu yara ne da ba su yi suna ba tukuna. Magoya bayan Washington suka yi ta kuka. Kamar mai kiwo ne ya ba da san noma ya karɓi maruƙa: wani zai girma, wani ba zai kai damina ba. Amma uku daga cikinsu, CJ Abrams da James Wood da MacKenzie Gore, daga baya an zaɓe su wasan taurari na shekara. San Diego kuwa ba ta ci kofin ba, a Disamban 2023 ta miƙa shi ga Yankees. Shekara ɗaya ya yi musu, suka kai wasan ƙarshe, Dodgers ta Los Anjalas ta doke su.

Da 'yancinsa ya zo a ƙarshen 2024, dillalinsa Scott Boras ya haɗa masu kuɗi gasa. Yankees ta taya miliyan 760 na shekara 16. Maƙwabciyarta Mets, ta unguwar Queens, ta ba da miliyan 765 na shekara 15, ya tafi can. Wannan ya haura miliyar 400 na sefa. Wasa 162 ake yi a kaka, ke nan kowane wasa ya tashi sama da dala dubu 300.

Ya cancanta? Nan gardama take. Masu yabonsa suna cewa idonsa ne dukiya. A dokar wasan, in mai jifa ya jefo ƙwallo huɗu a karkace kuma mai kulki bai kai musu bugu ba, sai ya wuce zangon farko kyauta. Soto gwani ne wajen wannan haƙuri, ga shi lokacin yana da shekara 26 kawai. Masu sukarsa sun ce in aka zo tsaron fili ba shi da wani abin a zo a gani, kuma kwangilar za ta kai shi shekara 40, lokacin da gwiwa ke fara gardama. Suna kuma kawo Shohei Ohtani, ɗan Japan, wanda ke jifa kuma yana bugu, ya karɓi miliyan 700 a Dodgers, har ya yarda a jinkirta masa miliyan 680 sai bayan shekara goma.

A ganina masu sukar suna mance abu guda: a besbol bi da bi ake bugu, mutum tara ne a layi, gwani ba zai karɓe kulkin ɗan uwansa ba. Ba kamar ɗan gaba a ƙwallon ƙafa ba ne da za a yi ta ba shi ƙwallo. Shekarar 2025 ta nuna haka. Soto ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 43, fiye da duk abin da ya taɓa yi a kaka guda, amma Mets ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba. Da ya koma filin Bronx a watan Mayu sanye da rigar Mets, 'yan kallo suka yi masa ihu, wasu ma suka juya masa baya, shi kuwa ya cire hular kwanonsa ya gaishe su.