Mai Shari'a Muhammadu Bello: Ɗan Muftin Katsina da Ya Zama Babban Jojin Nijeriya

Daga Wakilinmu

A birnin Katsina aka haifi marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello cikin 1930, a gidan da shari'a ba baƙuwa ba ce, domin mahaifinsa, Malam Muhammadu Giɗaɗo, shi ne Muftin Katsina. Bayan ya gama Midil ta Katsina da kwaleji, sai ya tafi Ingila koyon aikin lauya, ya dawo yana cikin 'yan Arewa na farko da suka sami wannan ilmi, tare da abokinsa Mamman Nasir wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina.

Cikin 1956 ya kama aikin lauyan Gwamnatin Jihar Arewa, cikin 1961 kuwa aka naɗa shi majistare. Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Shekara guda kafin nan aka soma aiki da sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka tsara domin alƙalai da majistarori su riƙa hukunci da littafi ɗaya, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Malamai da yawa suna ɗari-ɗari da ita, lauyoyin Kudu kuma suna yi wa kotunan alƙalai kallon raini. To, mutumin da ya tashi gidan mufti, ya kuma sha karatun Ingila, shi ya fi kowa sanin inda igiyoyin biyu za su ƙullu.

Daga nan ya zama Darektan gabatar da ƙararraki na Arewa a 1964, jojin Babbar Kotu a 1966, sannan Kotun Ƙoli a Ikko a 1975. Cikin 1987 ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe, ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe kujerar Babban Joji.

Shekarunsa takwas a kan kujerar kusan duk a ƙarƙashin soja ya yi su, zamanin da ake fito da dokoki masu hana kotu ko da duba abin da Gwamnati ta aikata. Babbar jarrabawa ta zo a 1995, da ƙarar Cif M.K.O. Abiola, wanda ke tsare, ta iso gabansu. Lauyan Abiola ya ce jojin da suka kai jaridarsa ta Concord ƙara kan ɓata suna bai kamata su saurare shi ba. Bello ya yarda, shi da 'yan'uwansa suka janye. Bisa ƙa'ida daidai suka yi, don ba a zama alƙali a kan abokin husuma. Amma sauran jojin ba su isa zaman kotu ba, Gwamnatin Janar Abacha kuwa ba ta naɗa waɗansu ba, ƙarar ta tsaya cik, Abiola ya rasu a tsare cikin 1998.

A wannan shekara ta 1995 Bello ya yi ritaya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya gaje shi. Allah Ya yi masa rasuwa cikin Nuwamba 2004.