Kokawar Tawa: Wa Zai Koya Wa Yaranmu Kamu?

A Ingila, ƙungiyoyin wasan kurket na gundumomi kan ɗauki malami na musamman, wanda ba shi da aiki sai koyar da bugun ƙwallo da sanda. Graham Gooch ya yi wannan aiki a Essex. A hannunsa Alastair Cook ya goge, har ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2012.

Mu a Ƙonni kokawa ce tamu. A Tawa aka fara gasar takobi a 1975, amma Yakuba Kantu na Maraɗi ya tafi da shi. Yau kowace jiha 'yan kokawa 10 take kaiwa, kuma kowanne da irin rauninsa: wani ga ƙarfi ba tsayuwa, wani da an kama masa ƙafa ya tafi ƙasa. Idon mai horarwa ɗaya zai ga wannan duka?

Ga tsofaffin 'yan kokawa nan a Illela da Malbaza, wasu sun koma noman albasa da gwanintarsu. Rabin abin da muke kashewa kan layu da guraye ya isa a ɗauko ɗaya, ya koyar da kamun ƙafa kaɗai kafin a tafi gasa.