Fyaɗe: Maganganun da Ke Cinye Mana Kwana Uku

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, kafin a tuna da likita shawarwari sun cika gida. Gwaggo ta ce a dafa ruwan bagaruwa a gasa ta. Kawu ya ce a rufa asiri, kada a ɓata mata aure. Maƙwabciya ta ce ai asibiti ba sa taɓa irin wannan sai da takardar 'yan sanda. Ana cikin wannan kai-kawo kwana uku su shuɗe, alhali su ne kwanakin da suka fi kowanne tsada.

Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa iyakarsa kwana 5. Ruwan bagaruwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya wanke shaidar da za a kai kotu. Saboda haka kada a wanke tufafin da ke jikinta, a naɗe su a takarda, ba a leda ba. In kuma ta riga ta yi wanka, duk da haka a kai ta.

Batun takardar 'yan sanda ba gaskiya ba ne. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano, da cibiyoyin Salama na jihar Kaduna, da Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, duk suna duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, cikin sirri.

Maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce wai shigarta ce ta jawo mata. Wace shiga 'yar shekara huɗu ta yi? Binciken ƙasa na 2014 ya nuna cewa ɗaya cikin yara mata huɗu, da ɗaya cikin yara maza goma a Najeriya, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika 18. Yawanci kuma mai aikatawar ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne, ya saba da gidan, ana gaisawa da shi. Wannan adadi na maza ya isa amsa ga masu cewa ba a yi wa namiji fyaɗe, kuma dokar hana cin zarafi ta 2015 ta amince cewa ana yi masa.

Wai da ba ta so ba, da ta yi ihu. Tsoro kan sandarar da mutum, murya ta ƙi fita. Shi ma gwajin budurci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba ya tabbatar da komai. Malaman fiƙihu kuwa sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi.

Abin da kawu yake tsoro, shi kam gaskiya ne. Ana yin gori, shari'a na jan ƙafa, manya na matsa lamba a sasanta. Amma a 2020 Kaduna ta sa hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, kuma babu dokar da za ta kama wanda iyali suka rufa wa asiri. Gobe 'yar maƙwabci zai nufa.

Iyaye, idan yaro ya buɗe baki ya faɗa muku, ku yarda da shi, ku ce masa ba laifinsa ba ne, ku kai shi asibiti a ranar.