Dajin Maraina: Ƙwayoyi Masu Haɗamar Sukari

A ajin bayoloji mun koyi cewa ƙwayoyin jikinmu na ƙona sukari da oksijin don samun ƙarfi. Ƙwayoyin daji kuwa, kamar yadda Bajamushe Otto Warburg ya gano a shekarun 1920, zuƙar sukari suke yi ba ƙaƙƙautawa, su mai da shi laktet ko da akwai oksijin. Haɗamar nan ke tona musu asiri: bayan an yi maganin dajin maraina nau'in seminoma, likitoci kan yi allurar sukari mai alama, na'urar PET ta nuna inda ya taru.

Wannan dajin ya fi kama 'yan shekara 15 zuwa 35, wato sa'o'inmu, kuma galibi ana warkewa. In mun ji ƙullutu, ko ba zafi, kada kunya ta hana mu ganin likita.